Yuriya ta ƙone mini dashen tumatir: zafinta ne ko jabu aka sayar mini?

Manomin Kadawa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman wanda zai warware mini wani abu. Na yi dashen tumatir, ya kama, ganye ya fara miƙewa, sai na sa yara suka zuba masa yuriya. Washegari da hantsi na tarar kusan rabin fangalin ya langaɓe, bakin ganyen ya fara bushewa, alhali ƙasar da danshinta. Maƙwabcina ya ce zafin taki ne, ƙanina ya ce jabu aka sayar mini. Kafin in je in ta da jijiyar wuya a shagon mutum, ina so in san gaskiyar magana.

Ɗan Bunkure:
Wa alaikumus salam Baba. Jabu ne, kada ka wahalar da kanka. Ɗauki ragowar buhun ka mayar masa tun bai ce ba a wurinsa ka saya ba.

Mai Kwando:
Ko dai sharon ce ta fara shigowa? Tun ɓarnar 2016 ni ko ganye ɗaya na ga ya canza sai gabana ya faɗi.

Malamin Gona:
Ba sharon ba ce. Ita tsutsa ce, cikin ganye take shiga ta ci, ta bar fari-fari, kuma ba ta kwantar da rabin fangali a dare ɗaya. Baba, a ina yaran suka zuba takin, a gindin shuka ko nesa da shi? Sun binne? An ba da ruwa bayan nan?

Manomin Kadawa:
A gindi suka zuba, kuma hannunsu bai yi rowa ba. Ba su binne ba. Ruwa kuwa ba ranar layinmu ba ce, sai bayan kwana biyu.

Malamin Gona:
To kafin a zargi kowa, ga gwaji biyu da ba sa cin ko sisi. Ɗebi cikin tafin hannu ka zuba a rabin kofin ruwa ka juya. Yuriya ta gaskiya za ta narke tas ba saura, kuma kofin zai yi sanyi har ka ji a hannunka. In da yashi zai kwanta a ƙasa. Na biyu, sa kaɗan a tsohon cokali ka ɗora a kan garwashi, a waje ba a ɗaki ba. Yuriya tana narkewa a digiri 133, ta zama ruwa, ta fitar da wari mai hawa hanci. Gishiri kuwa zai zauna yana ƙara, ba zai narke ba.

Ɗan Bunkure:
Malam, sanyi fa ka ce? Abin da ke ƙone shuka shi ne zai sanyaya ruwa?

Malamin Kimiyya:
Ƙwarai kuwa, Ɗan Bunkure, domin abin da ya sami tumatir ɗin Baba ba ƙuna irin ta wuta ba ce. Ƙishirwa ce. Bari in yi bayani, a yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Saiwa, ganye, naman jikinmu, duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani tantani siriri ƙwarai, kaurinsa bai kai nanomita 10 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Wannan tantanin yana barin ruwa ya wuce cikin sauƙi, amma yana tare yawancin abin da ya narke a cikin ruwan. To ruwa yana da wata ɗabi'a: idan tantani irin wannan ya raba ruwa biyu, ɗaya tsarma-tsarma, ɗaya kuma an narkar da abu da yawa a ciki, ruwan yakan tsallaka ne daga tsarma-tsarman zuwa mai kaurin. Shi ake kira osmosis a aji. A ranar lafiya, ruwan cikin saiwa ya fi na ƙasa kauri, saboda akwai sukari da gishiri-gishiri a cikinsa, shi ya sa ruwa ke shiga saiwa da kansa ba tare da kowa ya tura shi ba. Da aka tara yuriya a gindi, ta narke a ɗan danshin da ke wurin, sai ruwan ƙasar ya fi na saiwar kauri. Lissafin ya juye. Saiwa ta daina sha, har ma nata ruwan ya fara fita.

Wanda yake son gani da ido, ya yanka yalo ko kokwamba ya barbaɗa gishiri ya ajiye a faranti. Kafin a yi sallah a dawo zai ga ruwa ya tsatso, yankan ya yi laushi.

Ɗan Bunkure:
Amma Baba ya ce ƙasar da danshinta. Ta yaya shuka za ta mutu da ƙishirwa a jiƙaƙƙiyar ƙasa? Wannan dai zancen 'yan boko ne.

Malamin Kimiyya:
Danshin yana nan, amma saiwar ba ta da ƙarfin janyo shi. Ai ka taɓa ganin inda ruwan ban-ruwa ke kwanciya ba magudana, rana ta busar da shi shekara da shekaru, har ƙasa ta yi farin busa a sama. Ka zuba wa wurin ruwa yadda kake so, shukar tana nan a tsumbure. Abu ɗaya ne da na Baba, sai dai nasa ya zo a dare ɗaya.

Malamin Gona:
Malam ya faɗi rabin labarin. Da NPK ne ko fotash aka tara a gindi, da na ce shi ke nan, don su gishiri ne zalla. Yuriya tana da laifi na biyu. A ƙasa akwai wani sinadari da ƙwayoyin halittar ƙasa ke fitarwa, yana farfasa yuriya ya mai da ita amoniya cikin 'yan kwanaki. Amoniyar nan idan ta taru wuri ɗaya guba ce ga sabuwar saiwa, kuma ita tantanin ba ya iya tare ta, ratsa shi take yi. Sannan wadda ba ta kashe saiwa ba ta bi iska, kuɗin Baba ke nan ke tashi. Buhun yuriya kashi 46 cikin 100 ɗinsa naitirojin ne, ya ninka na NPK 15-15-15 sau uku, amma mutanenmu awo ɗaya suke yi musu da hannu.

Malamin Kimiyya:
Haka ne, ku ne a gona. Laushin dare ɗaya na ruwa ne, wanda zai biyo baya a kwanakin nan na amoniya ne.

Ɗalibar SS3:
Malam ina wuni. Ina da tambaya amma kada a yi mini dariya. A aji an ce mana tantanin nan da mai aka yi shi. To ai mai da ruwa ba sa haɗuwa. In da mai aka yi shi, ta ina ruwan yake bi ya shiga? Kuma me ya sa man bai taru wuri ɗaya ya taso sama ba kamar yadda yake yi a miya?

Mai Kwando:
Yarinyar nan ta kama Malam.

Malamin Kimiyya:
Ba ta kama ni ba, amma tambayar da ta yi ta ci wa masana shekaru masu yawa. Lafiya lau 'yata. Mu fara da ta biyun.

Man da ke miya da man da ke tantani dangi ne, amma ba ɗaya ba ne. Ƙwayar man gyaɗa tana da wani ɗan ginshiƙi da ake kira gilisarol, an maƙala masa jela uku dogaye na kabon da haidirojin. Jelar nan ba ta da caji ko kaɗan. Ruwa kuwa kowace ƙwayarsa tana da ɓangare mai ɗan caji na ƙari da ɓangare mai ɗan caji na ragi, shi ya sa ƙwayoyin ruwa ke riƙe juna, suke kuma rungumar duk abin da ke da caji, kamar gishiri da sukari. Mai ba shi da wurin da ruwa zai kama, sai ruwan ya haɗe kansa ya ture shi gefe.

Man tantani sunansa fosfolifid. Shi an cire masa jela ɗaya, an sa wani kai mai ɗauke da fosfet a gurbinta, kan nan kuwa yana da caji. Ke nan ƙwaya ɗaya ce, kanta na son ruwa, jelarta biyu na gudunsa. Idan kika watsa irinsu da yawa cikin ruwa, hanya ɗaya ce kowa zai samu abin da yake so: su jeru sahu biyu, jela na fuskantar jela a tsakiya, kawuna na kallon ruwan waje da ruwan ciki. Kuma don kada gefen sahun ya bar jela a buɗe, sai ya lanƙwashe ya rufe kansa ya zama ƙunshi. Babu wanda yake jera su, halinsu ne yake jera su. Shi ya sa ba ya tasowa sama.

Ɗan Bunkure:
Wa ya gani? Kai da bakinka ka ce ido ba ya gani. Sahu biyu ne ko sahu goma, wa ya ƙirga?

Malamin Kimiyya:
An ƙirga, kuma da dabara mai sauƙi. A 1925 wasu mutum biyu a ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka ɗauki jajayen ƙwayoyin jini, suka zaɓe su ne don ba su da wani tantani a ciki sai na waje kaɗai. Suka lissafa faɗin fatar ƙwayoyin gaba ɗaya. Sannan suka tsame man da ke jikinsu suka baza shi a kan ruwa har ya zama shimfiɗa ɗaya, suka auna. Shimfiɗar ta kai kusan ninki biyu na faɗin fatar, suka ce ashe riɓi biyu ne. Abin dariya, daga baya an gano sun yi kuskure biyu a awon: ba su tsame man duka ba, kuma sun rage faɗin ƙwayoyin, sai kuskuren nan biyu suka cinye juna amsar ta fito daidai. A shekarun 1950 da aka samu madubin ilektaron, na'urar da ke nuna abin da madubin ƙara girma na yau da kullum ba ya iya nunawa, aka ɗauki hotonsa, aka ga layi biyu masu duhu da haske a tsakani.

Inna Mai Ƙuli:
Assalamu alaikum. 'Yata ce ke karanta mini tana rubuta abin da na ce. Ni ban yi boko ba amma tun ina budurwa nake matsar mai. Malam ka ce ruwa da mai ba sa jituwa, to mu da ruwa muke fitar da mai. In an soya gyaɗa an kai inji an markaɗo, sai a zuba a turmi ana juyawa da taɓarya ana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Can sai ka ga tunkuza ta dunƙule, mai ya taso. In ruwa ya yi yawa kuma ta lalace, man ya ƙi fita. Ka gaya mini dalili in ka sani.

Malamin Kimiyya:
Inna barka da yamma, Allah ya ƙara lafiya. Ai ke ce mai ɗakin gwaji a cikinmu. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma furotin. A cikin ɗanyar gyaɗa man ba a sake yake ba, yana cikin ƙananan ɗigo, kowane ɗigo an naɗe shi da fosfolifid ɗin nan da wani furotin, shi ya sa in kin ɓare ɗanyar gyaɗa ba ta naso a hannu. Suya da markaɗe su ke fasa naɗin. To amma man yana nan cuɗe da garin. Da kin yayyafa ruwan zafi, furotin da sitacin da ke garin su masu son ruwa ne, sai su sha, su kumbura, su manne da juna, su saki man da ke jikinsu. Rashin jituwar ce take miki aiki. In ruwa ya yi yawa kuwa, garin ba ya dunƙulewa, ya zama kunu, furotin da fosfolifid ɗin su sake kewaye man su riƙe shi ɗigo-ɗigo a cikin ruwan. Farin kunun gyaɗa ma daga nan yake.

Inna Mai Ƙuli:
To Allah ya yi albarka. Man shanu ma haka ne?

Malamin Kimiyya:
Kusan haka. Kitsen da ke cikin nono shi ma a naɗe yake da tantani. Kaɗawar da ake yi a gora ita ke yayyaga naɗin, kitsen ya haɗu ya dunƙule. Abin da ya sa shi yake daskarewa da hunturu, man gyaɗa kuwa yana nan ruwa, jelar kitsen shanu yawanci miƙaƙƙiya ce, tana jeruwa ta matse, ta man gyaɗa kuwa tana da lanƙwasa, ba ta jeruwa.

Ɗalibar SS3:
Malam ba ka amsa ta farkon ba. Ta ina ruwan yake bi?

Malamin Kimiyya:
Ban manta ba. Ki ɗauki ganuwar Kano a da. Katanga ce ta kewaye gari, amma tana da ƙofofi, kowace da sarkin ƙofarta. Sahun man shi ne katangar. Ƙofofin kuwa furotin ne manya da ke tsaye a cikin man, sun ratsa daga waje zuwa ciki, kowanne da abin da yake bari ya wuce: wannan na sodiyam, wannan na fotashiyam, wannan na gulukos, wato sukarin da ke yawo a jini. Iskar oksijin da kabon dayoksaid ba sa buƙatar ƙofa, ba su da caji, ratsa man suke yi. Ruwa ƙwayarsa ƙarama ce, yana ɗan silalewa ta cikin man a hankali, amma inda jiki ke buƙatar ruwa ya wuce da gudu yana da ƙofarsa ta musamman, akwaforin. Wani likita ɗan Amurka, Peter Agre, shi ya tabbatar da ita a 1992. Ya sa ƙwan kwaɗo ya ƙera furotin ɗin, ya tsoma shi a ruwa tsarma-tsarma tare da ƙwan da bai taɓa ba. Mai furotin ɗin ya kumbura ya fashe, ɗayan yana zaune lafiya. An ba shi kyautar Nobel a 2003. Ƙodarki tana tace ruwa kusan lita 180 a rana, amma fitsarin da ke fita bai fi lita ɗaya da rabi ba, sauran duk ana mayar da shi jini, yawanci ta waɗannan ƙofofin. Saiwar tumatir ɗin Baba ma tana da su.

Ɗalibar SS3:
Amma Malam ganuwa a tsaye take, mu kuma an ce mana abin motsi yake yi.

Malamin Kimiyya:
A nan misalin ya gaza, gaskiyarki. Tantani ba ya tsaye, ruwa-ruwa ne, ƙwayoyin man suna zamewa gefe da gefe, furotin ɗin suna yawo a cikinsu. Singer da Nicolson ne suka tsara wannan bayanin a 1972, shi ne zanen da ke littafinku. In ya fito a jarrabawa, ki zana sahu biyu, ki sa furotin a tsakiyarsu ba a samansu kaɗai ba, ki sa kolestarol tsakanin jelolin in na dabba ne. Nan ɗalibai ke zubar da maki.

Manomin Kadawa:
Jama'a na dawo. Na yi gwajin kofi, ya narke tas, kofin ya yi sanyi ƙalau. Na cokali ma ya narke, warin har ya sa ni hawaye. Takin lafiyarsa lau. Yanzu wanda bai mutu ba me zan yi masa?

Malamin Gona:
Alhamdu lillahi. Ka kwashe duk takin da kake gani a gindi, ka ba shi ruwa mai yawa da zarar ka samu, ko da inji ne, kuma ka buɗe masa hanya ya fita, kada ya kwanta. Wanda kansa bai bushe ba zai iya farfaɗowa. Wanda ya mutu ka cike gurbinsa in kana da ragowar iri. Gaba kuma ka bar dashe ya yi kamar sati biyu zuwa uku, a tona ɗan rami nesa da gindi kamar tsawon ɗan yatsa, a zuba kaɗan, a rufe, a bi da ruwa. Gara a raba shi sau biyu da a zuba gaba ɗaya.

Ɗan Bunkure:
Wannan buhun ne ya tsira. Ba yana nufin babu jabu a kasuwa ba.

Malamin Gona:
Ba wanda ya ce babu. Shi ya sa na ba da gwajin.

Ɗalibar SS3:
Malam to me ya sa saiwa ba ta fashewa kamar ƙwan kwaɗon in an yi ruwan sama?

Malamin Kimiyya:
Saboda ƙwayar tsiro tana da bango mai tauri a bayan tantanin, an yi shi da selulos. Ruwa ya shiga, ƙwayar ta cika ta tokare bangon, shi ne ƙarfin da ke tsayar da ganye. Ya fita, ganye ya langaɓe. Selulos ɗin nan da sitacin gero duk sarƙar gulukos ne, bambancin yadda aka ƙulla su ne kawai. Cikinmu yana da abin warware ƙullin sitaci, ba shi da na selulos. Saniya ma ba ta da shi, ƙwayoyin halittar da ke tumbinta ne ke warware mata, shi ya sa take ƙiba da harawa da kara. Namu ƙwayoyin ba su da bango, don haka su kam suna fashewa.

Ma'aikaciyar Asibiti:
Tun ɗazu nake karantawa, nan ne aka zo wurina. Shi ya sa ba a taɓa ɗaura wa mutum zallan ruwa a jijiya. Jajayen ƙwayoyin jininsa za su sha su fashe. Ledar ƙarin ruwa da kuka fi gani tana da gishiri giram 9 a kowace lita, an auna shi ne ya yi daidai da kaurin jini.

Amma abin da nake so iyaye mata su ji shi ne maganar gudawa, tunda damina in ta zo ita ce ke cika mana gado. Abin da ya sami tumatir ɗin Baba yana samun hanjin yaro. Uwa ta ga yaro na zawo, ta sayo lemon kwalba ko ta dama sukari mai yawa ta ba shi don ya samu ƙarfi. Ruwan ya fi jininsa kauri, sai ya janyo ruwa daga jiki zuwa cikin hanji, zawon ya ƙaru. Wata kuma ta cika gishiri, wannan ya fi haɗari ma.

Inna Mai Ƙuli:
To 'yar nan, ku ne fa kuka ce a ba da ruwan gishiri da sukari. Yanzu kuma kin ce sukari na ƙara zawo. Wanne za mu kama?

Ma'aikaciyar Asibiti:
Duka biyun Inna, awo ne ya raba su. A jikin hanji akwai wata ƙofa cikin waɗanda Malam ya faɗa, ba ta buɗewa sai sodiyam na gishiri da gulukos sun zo tare. Sodiyam biyu, gulukos ɗaya, ta shigar da su, ruwa ya bi bayansu. Wani masani Robert Crane ne ya bayyana ta a 1960. Cutar kwalara tana sa hanji ya dinga zubar da gishiri da ruwa, amma ba ta rufe wannan ƙofar, shi ya sa ake samun hanyar mayar da ruwa ta baki ko ana cikin zawon. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ledar ƙarin ruwa ta ƙare, wani likita Dilip Mahalanabis ya sa aka dinga dama gishiri da sukari ana ba mutane. Mace-mace ya sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Sukarin aikinsa buɗe ƙofa ne kawai, ba a son ya wuce haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2002 rage gishiri da sukarin da ke cikin ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na kemis, ta yi, don an ga mai sauƙin ya fi rage zawo da amai.

Mai Kwando:
Anti faɗi awon, don wani ƙauyen sai an hau babur kafin a ga kemis.

Ma'aikaciyar Asibiti:
In akwai ƙunshin ORS shi ya fi, don yana da fotashiyam wanda na gida ba shi da shi. A duba jikinsa a ga na lita ɗaya ne ko na rabi, a juye shi duka a ruwan da ya faɗa, kada a raba ƙunshi da ido. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ko fiya wata leda biyu masu rabin lita, a sa sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, ba a tsiri ba, gishiri rabin cokalin. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. A ci gaba da ba da nono da abinci, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. In yaro ya ƙi sha, ko yana amayar da komai, ko idonsa ya faɗa, ko ya galabaita, ko akwai jini a kashin, ba maganar gida ba ce, a kawo shi.

Ɗan Bunkure:
Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne na sabulu. Lokacin korona an dame mu wai sabulu na kashe cuta. Sabulun salo da tsofaffi ke yi da toka shi ne zai kashe abin da allura ta kasa?

Malamin Kimiyya:
A wajen jiki, e. Ruwan toka yana tsinke jelolin mai daga ginshiƙinsu, kowace jela ta fito da kai mai caji. Sabulu ke nan, kai ɗaya jela ɗaya. Jelarsa tana kutsawa cikin duk wani mai, kansa yana riƙe da ruwa. Ƙwayar korona da ta zazzaɓin Lassa suna sanye da rigar fosfolifid da suka yago daga jikin ƙwayar da suka fito, sabulu ya kutsa ya wargaza rigar, su tashi aiki. Amma ba duka ba. Ƙwayar shan-inna ba ta da rigar mai, ta furotin ce, sabulu ba ya fasa ta, sai dai ya ɓanɓare ta daga hannu ruwa ya tafi da ita. Shi ya sa ake cewa a cuɗa sosai a ɗauraye da ruwa mai gudu, ba a tsoma hannu goma a kwano ɗaya ba.

Ɗan Bunkure:
To me ya sa bai narkar da hannuna ba, tunda ni ma da man aka yi ni?

Ma'aikaciyar Asibiti:
Saman fatarka matattun ƙwayoyi ne cike da furotin mai tauri, su suke kare na ƙasa. Bari kumfar ta shiga idonka, ko ka wanke sabon yanka da ita, za ka ji inda masu ran suke.

Inna Mai Ƙuli:
'Yar nan, jikana ba ya shan ruwan nan sai na ƙara masa sukari. In na ƙara kaɗan fa?

Ma'aikaciyar Asibiti:
A'a Inna, kada ki ƙara ko ƙwaya. Ki ba shi da cokali, ɗaya bayan ɗaya, duk bayan minti ɗaya ko biyu. In ya yi amai ki jira minti goma ki ci gaba a hankali. Yaron da ruwa ya ragu a jikinsa da kansa zai karɓa.